Ba A Koyon Shugabanci A Ɗakin Otal

Tun daga rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, duk wanda ya tashi magana a kan Kudancin Kaduna sai ya ƙare da cewa matasa ne manyan gobe. An maimaita wannan bayan Zangon Kataf a 1992, an sake maimaitawa bayan ƙonewar kasuwar Kafanchan a 2011. Maganin da aka samo kuwa shi ne taron bita: a tara samari da 'yan mata a ɗakin otal kwana uku, a karanta musu siffofin shugaba nagari, a raba takardar shaida da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Ina ƙalubalantar masu shirya waɗannan taruka da su nuna mana shawara guda da yaro ya yanke a cikin kwanakin nan, ban da zaɓi tsakanin shinkafa da tuwo.

Magabata ba haka suka yi ba. Sarkin samari a gonar gayya yake koyon mulki, domin shi ke raba kuyya, shi ke tsawata wa malalaci, idan kuma rana ta faɗi aiki bai ƙare ba, shi mai gona zai tuhuma a gaban jama'a.

Gayyar birni a yau ita ce katanga. A ba matasan Kafanchan katangar kasuwa, ko ta tashar jirgin ƙasa wadda ta haifi garin, a damƙa musu kuɗin fenti, su nemi izinin mai unguwa da kansu, su kawo lissafi. Amma inda darasin yake shi ne tambayar me za a zana. Wani zai ce a zana kan Nok, wato irin kan yumɓun nan na Jama'a da aka tono a wurin haƙar kuza a farkon shekarun 1940, wanda ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg. Ɗan'uwansa Musulmi zai ta da maganar surar abu mai rai, ya kawo shawarar dagi da zayyana irin ta gidajen Zariya. Ɗan Kagoro zai nemi duwatsunsu da bikin Afan. Sai kuma batun rubutun da za a yi a ƙasa: da Hausa, wadda wasu ke ɗauka harshen kasuwa da coci da masallaci, wasu kuwa take tuna musu da mulkin sarauta da ba su manta ba? Ko da Jju, ko Tyap, ko Turanci? Haƙiƙa duk yaron da ya jagoranci wannan muhawara har aka ɗauki buroshi ba tare da wani ya fice cikin fushi ba, ya yi irin aikin da wakilan al'ummomi 29 suka yi kafin su sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan a Maris na 2016.

Masu cewa wannan wasan yara ne, ko kuma tsokanar fitina, sai su dubi Dakar. Bayan tarzomar zaɓen 1988 da kashe-kashen 1989 tsakanin Senegal da Muritaniya, matasan birnin suka fito a 1990 da yunƙurin Set-Setal, suka share unguwanni, suka zana jarumansu da malamansu a bango, suka raɗa wa tituna sunaye, ba tare da jiran gwamnati ba.

Wanda na fi tsoro ma ba mai suka ba ne. Mai ba da tallafi ne da zai zo da zanensa a jaka: farar kurciya, hannaye biyu suna musafaha, da tambarin ƙungiyarsa a kusurwa, matasa su cike layi da fenti a ɗauki hoto. Wannan ƙwadago ne, kuma ya ƙwace musu gardamar da ita kaɗai ce ribar aikin.

Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Jihar Kaduna suna nan a reshen Kafanchan, ɗaliban Gidan Waya ma ba su da nisa. Ƙaramar Hukumar Jama'a ta ware katanga ɗaya cikin waɗanda fastocin 'yan siyasa suka lulluɓe, ta ba kwamitin matasa kuɗin taron bita guda, dattawa su zo ranar buɗewa kawai.