Rigar Farfesa da Wayar Ɗan Dako

A shekarar 2021 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri ta ba Dakta Isa Ali Pantami, ministan sadarwa na lokacin, muƙamin farfesa. A Fabrairun 2022 ƙungiyar ASUU ta ce sam ba ta amince ba. Nan take muka rabu gida biyu, malamai da ɗalibai: wannan na ƙirga maƙalu, wancan na cewa hassada ce kurum.

To, jama'a, ina muka shiga a Afrilun 2022, sa'ad da gwamnati ta hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira, don ba a haɗa su da lambar NIN ba? Mahaucin Fatakwal, da ɗan dakon bakin gadar Anacha, da dillalin shanun Inugu, wayar nan ce igiyar da ta ɗaure su da iyalinsu a Arewa. Wanda ya tafi rajista ya yi asarar cinikin yini. Wanda bai je ba, kiran gida ya gagare shi. Wa ya ƙirga su? Mu da muka ƙirga maƙalun mutum guda har muryarmu ta dishe, ban ga mun ɓata ko shafi ɗaya a kansu ba.