Shanyewar ɓarin jiki ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne

In dattijo mai hawan jini ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa suka mutu, kowa ya san sunan ciwon. Amma in abin ya sami yaro ɗan lakkol ko mace mai jego, sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko sammu aka yi mata. A tafi gidan boka, a sha turare, kwanaki su wuce. A ganinmu wannan kuskure ne mai tsada, domin ciwon ɗaya ne: jijiyar da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Dalilin ne ya bambanta.

Ga yara, babban dalili a ƙasarmu shi ne amosanin jini, wanda muke kira emasi. Ƙwayoyin jininsu suna lanƙwashewa kamar lauje, suna ɓata jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, ba tare da yaron ya ji komi ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan 11 cikin 100 na masu SS suna shanyewa kafin su cika shekara 20. Alhali akwai awo da ake kira Dopla: ana ɗora ɗan ƙarfe a gefen kai, a auna gudun jini, babu allura, babu zafi. Tun 1998 aka tabbatar cewa ƙarin jini kowane wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100 ga yaran da awon ya nuna. Jini kuwa ya yi mana wuya, kowa ya sani. Shi ya sa aikin likitocin Kano ya shafe mu: sun gwada ƙwayar magani mai suna hidroksiyuriya, ta kare yara, kuma haɗiya kawai ake yi.

Mai jego ita ma tana cikin haɗari. Jininta yana saurin daskarewa bayan haihuwa, zuciyar wasu kuma tana kumbura ta yi rauni, gudan jini ya taso daga cikinta ya toshe jijiya a kai. Kunun kanwa mai yawa yana ƙara wa irin wannan zuciya nauyi. Haka nan ciwon maƙogwaro da aka raina a ƙuruciya yana iya lalata ƙofofin zuciya, sakamakon ya fito bayan shekaru. Sanƙarau da saran kububuwa su ma suna cikin lissafi.

Cibiyar ƙasa mai kula da masu emasi tana Yamai. Manomin Tasawa ko na Madawa ba zai iya kai ɗansa can kowace shekara ba. Muna roƙon magabata su sa awon Dopla ya zama abin yau da kullum a manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa, a horar da masu yin sa, a kuma sauƙaƙa kuɗin maganin. Malaman yaƙi da jahilci kuwa su koya wa ɗalibansu alamomin: karkacewar baki, mutuwar hannu, sarƙewar magana. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, ko ga ɗan shekara 5 ne, ya kai shi likita a ranar, kada ya jira wayewar gari.