FILIN MAHARBA: AWON ALBARUSHI

Bayan an gama girbi, maharban Matamaye da Kance sukan fiddo bindigoginsu na ɗuri. Waɗansu suna tsammani yawan albarushi shi ne ƙarfin harbi. Wannan kuskure ne.

Albarushi in ya yi yawa, bindiga takan yi shuri, baki ya ɗaga, harsashi ya bi ta bisa barewa. Wani lokaci bututun ne ke tsagewa, tunda maƙeri da ƙarfen famfo ya ƙera shi. Sai maharbi ya rasa yatsu ko ido, ga damina tafe, babu mai riƙe masa hauya. In kuma ya yi kaɗan, dabba ta tsere da rauni, ta mutu a daji banza.

A Amurka, waɗansu masu harbin wata babbar barewa mai suna elk, a kan sikeli suke auna nasu. Sai su gwada a jikin allo, su rubuta awon da ya fi saiti.

Maharbin nan ma ya samu abin awo guda, ko ɗan ƙaho ne, kada ya riƙa zubawa a tafin hannu. Harsashin dalma su zama girma ɗaya. Ya aje albarushi nesa da murhu da yara.

Dokar farauta ta 1998 ta wajabta takardar izini. A tambayi ma'aikatan gandun daji kafin a fita.