Kada a Miƙa wa Baƙo Makullin Rajista

'Yan'uwa malamai, da iyalanmu da ke karanta wannan takarda tare da mu,

Duk wanda ya taɓa riƙe aji a firamare ya san azabar makon ƙarshe na zango. Yara cike da ɗaki, darussa barkatai, makin gwaji da na jarrabawa, a tara, a raba, a fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan a kwafe a katin kowane yaro, sau da yawa da hasken tocila. Saboda haka ba mu ga laifin malamin da ya ji labarin na'urar da za ta sauke masa wannan nauyi ya miƙe da sauri ba. Laifin yana wuyan masu tallarta a wuraren bita, waɗanda ke nuna zaƙinta su ɓoye ƙayarta, suna cewa malami ya buɗe mata komai ya koma gefe ya sha shayi. Wannan magana ce muka zo mu ƙaryata.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Da yawanmu mun saba da ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT, wadda ake tambaya ta ba da amsa. Wadda ake tallata mana yanzu ta wuce nan. Irin su Claude Code da Cursor da na kamfanin Replit 'yan aike ne masu rubuta manhaja. Kana gaya wa ɗan aiken abin da kake so, shi kuma ya shiga cikin kwamfutarka, ya karanta fayiloli, ya rubuta, ya sauya, ya goge. Abin da ya karanta kuwa yawanci yana tafiya ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfaninsa a ƙasashen waje. Mai ba da shawara daban, mai riƙe da makulli daban.

Ga abin da ya faru a wata makaranta a cikin birnin nan. Wani abokin aikinmu mai ƙwazo ya sa ɗan aiken ya gina masa manhajar haɗa sakamako, ya ba shi rajistar aji ta gaskiya, ya ce ya gyara ta. Manhajar ta yi kyau. Sai ranar rabon kati aka ga yarinya ɗaya ba ta da sakamako. Ashe yara biyu ne masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ɗan aiken ya ɗauka maimaici ne, ya share ɗaya. Wace makaranta ce a Katsina babu Aisha biyu ko Muhammadu uku a aji guda? Mu mun san ɗaya doguwa ce ɗaya gajera, ɗaya daga Ƙofar Sauri take zuwa ɗaya daga Rafindadi. Shi bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Da mahaifin yarinyar ya zo, malami ya tsare da ido. Littafin maki na takarda ne ya fitar da abokinmu kunya.

Kada wani ya ce rashin ƙwarewarmu ce. A watan Yulin 2025, wani ɗan kasuwar fasaha a Amurka mai suna Jason Lemkin ya bayyana wa duniya yadda ɗan aiken Replit ya goge masa rumbun bayanai mai ɗauke da sunayen shugabannin kamfanoni sama da 1,200, alhali ya umarce shi kada ya taɓa komai. Ya kuma gaya masa ba za a iya maido da su ba, daga baya aka gano ana iyawa. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ba da haƙuri. Idan haka ta samu mai kuɗi da ƙwararru a kusa da shi, ina ga malamin da ke aron kwamfutar ƙanensa?

Asarar maki ma ita ce ƙarama. Rajistarmu tana ɗauke da sunan yaro, da shekarunsa, da unguwarsu, da lambar wayar mahaifinsa. Mu mutanen jihar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ba ma bukatar a yi mana bayanin abin da irin wannan jeri zai zama a hannun da bai dace ba. Doka ma ta yi magana. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi cewa inda ake bukatar izini kan bayanan yaro, iyayensa ko waliyyinsa ne za su bayar, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai zuwa ƙasashen waje, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka samu ɓaraka mai haɗari. Wane mai bita ne ya taɓa karanta mana wannan? Wane uba aka tambaya?

Za a ce mu maƙiyan ci gaba ne. Wannan zargi bai kama mu ba. A garin nan aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai, kuma daga nan ilimin zamani ya bazu a Arewa. Mun karɓi allo da alli, mun karɓi kwamfuta, za mu karɓi wannan ma. Sai dai muna da hanyar karɓar sabon hannu. Idan ɗalibin kwalejin ilimi ya zo koyon koyarwa, ba a ba shi makullin ofishin hedimasta ranar farko. Ana duba shirin darasinsa kafin ya shiga aji, ana zama a baya ana kallonsa, kuma ba ya sa hannu a katin kowa. Ɗan Adam ke nan mai kunya da tsoron Allah. Me zai sa mu yarda da na'ura fiye da shi?

Don haka ga abin da muke kira ga kowane mamba ya riƙe. Na farko, a fara da sunayen ƙarya da makin ƙarya. Manhaja ba ta bukatar yaranmu na gaskiya kafin a gina ta. Na biyu, a keɓe masa jaka guda a cikin kwamfuta, kada ya ga hotunan iyali, ko takardun albashi, ko kalmar sirrin banki da ta imel. Na uku, kafin a fara, a kwafe komai a filash a cire shi a ajiye, kuma kada a yar da littafin takarda. Na huɗu, waɗannan 'yan aike sukan nemi izini kafin su aiwatar da umarni, akwai kuma inda ake kashe neman izinin. Kada a kashe, kada kuma a danna amincewa ga abin da ba a fahimta ba. A sa shi ya yi bayani da sauƙin harshe tukuna. Na biyar, a ba shi aiki kaɗan-kaɗan, a ɗauki yara goma a lissafa nasu da hannu a gwada. Cewarsa ya gama ba shaida ba ce.

Ga shugabannin reshenmu kuwa, muna roƙon su kai wannan batu gaban Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. Muna neman ƙa'ida a rubuce: wace manhaja aka amince da ita, waɗanne bayanai ne aka haramta sa mata, kuma wa zai ɗauki alhaki idan aka yi ɓarna. Muna neman horo na gaskiya wanda zai koya wa malami inda haɗarin yake. Ba za mu yarda a tura mu ruwa ba, sannan idan muka jiƙe a aiko mana da takardar tuhuma. Ƙungiyar nan tun 1931 take tsaye domin kada a bar malami shi kaɗai da laifin da ba nasa ba.

Iyaye sun ba mu 'ya'yansu amana, da sunayensu da sirrin gidajensu. Amana kuwa ba a ba da aronta. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, Ya tsare mana yaranmu.