RIGAR MASUNCI A LOKACIN HUNTURU

Bahaushe ya raba ɗari da sanyi, ko da ya ke a bakin yaran zamani duk sun koma abu guda. Ɗari shi ne busasshe, wanda iskar hunturu ke zuwa da shi ta tsage leɓe da dunduniya. Sanyi kuwa mai laima ne, irin na ruwa da raɓa. Yawancinmu da ɗaya mu ke fama a lokaci guda. Masunci shi Allah ya haɗa wa biyun, domin daga watan Disamba har Fabrairu ya kan fita cikin dare ko da asuba, iska na dukansa ta sama, ruwa na jiƙa shi ta ƙasa. A Kano da Maiduguri ma'aunin zafi ya kan sauko wajen digiri 12 ko 13 a daren Janairu, wani dare ma ƙasa da haka. To, a wannan mako filin namu zai duba abin da ya kamata mai wannan sana'a ya sa a jikinsa, kuma za mu nemo darasin daga wurin mutanen da suka fi kowa shan wuyar al'amarin.

Masu karatunmu na Ikko da Anaca da Fatakwal sun san busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla. Da yawansa daga ƙasar Norwe ya ke zuwa, musamman tsibiran Lofoten da ke can ƙuryar arewacin Turai. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin ya kan gangaro daga Tekun Barents don ya yi ƙwai, a kama shi, a rataye bisa katako iska ta busar da shi ba gishiri ba hayaƙi. Mafi kyawunsa Italiya ke saye, kawuna da saura su taho Nijeriya. A ƙarshen ƙarni na 19 masunta fiye da 30,000 ke taruwa a Lofoten a kakar su guda, cikin jiragen katako marasa rufi, ana tuƙa su da filafili da tanti, ga dusar ƙanƙara, ga rana ba ta daɗewa a sama. Waɗannan mutane ba su da injin ɗumama jirgi, tufafinsu kaɗai ke tsakaninsu da kabari.

Me su ke sawa? Ulu, tun daga fata. Rigar ciki ta ulu, wandon ciki na ulu, suwaita mai kauri, sa'an nan a ɗora rigar fata da aka shafe da mai don ta tare ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki cikin kayan nan shi ne safar hannunsu. Matansu kan saƙa ta ƙatuwa, a yi ta cuɗa ta a ruwa har ta shige ta yi kauri. In masunci zai fara aiki, sai ya tsoma ta cikin teku da gangan, ya matse, sa'an nan ya zura hannu. Ya san ko ya ƙi ko ya so za ta jiƙe, ya kuma san jiƙaƙƙen ulu na riƙe ɗumi, yana kuma tare iska.

A nan duk maganar ta ke. Ba a auna rigar masunci da ɗuminta a kanti, ana auna ta ne da halinta bayan ta jiƙe. Iskar da ke maƙale tsakanin zare da zare ita ke tsare ɗumin jiki, alhali ruwa ya fi iska saurin janye zafi wajen sau 25. Zaren ulu a murɗe ya ke kamar gashin tunkiyar da ya fito, saboda haka ko ya sha ruwa ba ya kwantawa, kuma ya kan shanye laimar da ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin mutum ya ji shi a jiƙe. Auduga ba haka ta ke ba. Da ta sha ruwa sai ta kwanta ta manne wa fata, ta kori iskar da ke cikinta, ta kuma ƙi bushewa. Ba raina auduga na ke ba, ita ce suturarmu ta gado, kuma a watan Afrilu ba abin da ya kai ta daɗi. Amma dalilin daɗinta a bazara shi ne dalilin illarta a hunturu. Duk wanda ya san yadda randa ke sanyaya ruwa ya gane wannan: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na kwashe shi, sanyi na shiga ciki. Masuncin da ke tsaye a kwalekwale da jiƙaƙƙiyar singileti da wandon jins, busasshiyar iskar arewa na kaɗa shi, ya zama randa ke nan.

Wani zai ce ina Lofoten ina Yawuri, ina Tekun Barents ina Baga? Gaskiya ne ruwan Kainji da na Tiga da na Chadi bai kusanci nasu a sanyi ba. Ran 11 ga watan Maris na 1984 wani jirgin su mai suna Hellisey ya kife kusa da tsibirin Heimaey a Aislan, cikin ruwa mai digiri 5. Mutum biyar ke ciki, huɗu suka halaka, sai Gudlaugur Fridthorsson kaɗai ya yi iyo na wajen awa shida ya kai gaɓa, abin da ya sa likitoci a Landan suka yi ta gwada jikinsa don neman dalili. Ruwanmu ba ya kisa da irin wannan gaggawa. Amma zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, in ya sauko ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma ba sai da ƙanƙara a ke kai wa nan ba. Awa huɗu ko biyar cikin jiƙaƙƙen kaya da iska sun isa, balle ga tsoho, ko yaron da aka ɗauko don ya riƙa kwarfe ruwa daga jirgi, wanda sau da yawa shi ne mafi ƙarancin sutura.

Gumi ma ruwa ne, wannan shi mutane kan manta. Mai jefa birgi ko jan taru ya kan yi zufa ko a tsakiyar Janairu, in ya zauna jira zufar ta huce a jikinsa. Shi ya sa ƙatuwar riga guda mai nauyi ba ta kai siraran riguna biyu ko uku amfani ba. In aiki ya yi zafi a tuɓe ɗaya tun gumi bai keto ba, in an zauna a mayar. Wadda ke bin fata ta zama ta ulu ko ta zaren roba irin ta 'yan ƙwallo, mai saurin bushewa. Ta waje kuwa aikinta tare iska da feshin ruwa. A 1877 ne wani matuƙin jirgi ɗan Norwe, Helly Juell Hansen, shi da matarsa suka fara jiƙa ƙyalle da man wani iri suna ɗinka wa matuƙa rigunan ruwa a garin Moss, kamfanin yana nan har yau. Akwai kuma yadi irin Gore-Tex mai hana ruwa shiga ya bar tururin gumi ya fita, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin masuncinmu, kuma ba dole ba ne. Rigar ruwa ta leda ma ta wadatar, muddin tana da yalwa, ana kuma buɗe wuyanta lokacin aiki.

Duk wannan ana samu a gwanjo, a Ƙofar Wambai ta Kano ko Katanguwa ta Ikko, ko ranar kasuwa a ƙauye. Wahalar ita ce gane ulu na gaskiya, domin yawancin suwaitocin da ke dila na roba ne. In ba a iya karanta takardar wuya ba, a zaro ɗan zare daga ciki a ƙyasta masa ashana. Ulu ya kan yi warin ƙonannen gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa. Auduga ta ci kamar takarda. Roba kuwa ta narke ta dunƙule. Na roba yana da ɗumi yana da araha, ba laifi a saye shi, amma mai shi ya yi nesa da wutar jin ɗumi da ta bandar kifi, don in ya kama narkewa ya ke yi ya manne wa fata.

Kai da kunne a rufe su. Kakanninmu da suka ɗinka haɓar kada ba don ado kaɗai suka yi mata kunnuwa ba, hular ulu kuma ta fi ta. Abin da ba na goyon baya shi ne lulluɓa da bargo ko gwado ko babbar riga a cikin kwalekwale. Suna harɗe ƙafa, ƙugiyar mamari na kama su, in kuwa aka faɗa ruwa sai su nannaɗe mutum, su yi nauyin da ba zai iya hawa jirgi da su ba. Haka dogon takalmin roba: a sayi mai yalwar da za a iya fizge ƙafa daga cikinsa da shuri ɗaya. Rigar ceto kuma a sa ta bisa komai, a ɗaure, domin ban da hana nutsewa tana ɗumama ƙirji. Na san masunci na ganin gori ne a ce masa ya sa ta, shi da aka haifa a bakin ruwa. Amma hannun da ya sandare ba ya iyo, kome gwanintar mai shi.

Kowane jirgi ya kamata a ce akwai busassun kaya ɗaure cikin leda. In aka ga abokin aiki na karkarwa, igiya na suɓuce masa, maganarsa na lauyewa kamar ta mai maye, a tuɓe masa jiƙaƙƙun nan take, a sa masa busassu, a rufe ƙirji da kai tukuna, a tsare shi daga iska. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a ba shi giya. In kuwa karkarwar ta tsaya alhali jikinsa na nan da sanyi, yana neman barci, to ba sauƙi ya samu ba, abin ya yi nisa ne. A kwantar da shi a hankali, a juya jirgi a nufi asibiti mafi kusa.