Kafin a biya kuɗin masauki, a fara auna ƙofar banɗaki



Da zarar hutun makaranta ko na Sallah ya matso, gidaje da yawa a cikinmu, daga Agege zuwa Shagamu har Sabo ta Ibadan, sukan fara lissafin inda za a kai iyali su sha iska na kwana biyu ko uku. Sabon abu ne a wurinmu, kuma ba mu ga aibunsa ba. Sai dai akwai mutum ɗaya da sau da yawa ba ya shiga lissafin nan: Hajiya Babba da ciwon gwiwa ya hana hawa matakala, ko Baba da ya yi shanyewar ɓarin jiki yana dogara sanda, ko ƙaninmu da hatsarin babur ya ɗora a kan keken guragu. Ɗayan biyu ake yi masa. Ko dai a ce ya zauna a gida "ya huta", ko kuma a tafi da shi wurin da aka zaɓa don yara, sai an isa a tarar ko banɗaki ba zai iya shiga ba sai an ciccibe shi.

Mu dai a ganinmu, wanda ya fi kowa rauni a gida shi ya kamata a fara dubawa wajen zaɓen masauki. Yara ba su da matsala, duk inda akwai fili da ruwa za su ji daɗi. Tsohuwa kuwa ɗaki ɗaya da bai dace ba ya isa ya mayar mata da hutun nan zaman kurkuku.

Za a ce ai ita da bakinta ta ce a bar ta. To, wa bai san kara irin ta iyayenmu ba? Uwar da take ganin ta zama nauyi ba za ta taɓa cewa "ku tafi da ni" ba. Cewa za ta yi "ku je abinku, ni me zan je gani a ruwa?" Idan aka nuna mata hoton ɗakin, aka ce ga gadonki, ga banɗaki babu matakala, ga wance za ta kwana tare da ke, sannan ta ce ba ta so, wannan ce amsarta ta gaskiya, sai a ƙyale ta. Amma tambayar da aka yi a tsaye, ana saka kaya a but ɗin mota, wannan ba shawara ba ce.

Wasu kuma za su ce, ina amfanin samarin gida? In an tarar da bene sai su ɗauke ta. Wannan maganar ta fi daɗi a baki. Dattijuwar da ta haifi mutum takwas, ta aurar da jikoki, a ce yau ita ce ake ɗagawa sama a gaban baƙi sau uku a rana, mayafinta na zamewa, ma'aikata na kallo? Da yawansu gara su ƙi cin abinci, su rage shan ruwa, don kada su nemi a kai su bayan gida. Ga kuma haɗarin da ke ciki. Matakala mai tayil, ƙafa ta jiƙe daga wurin ninƙaya, mutum biyu na riƙe da keke, ɗaya ya zame. Karayar ƙugu ga wanda ya manyanta ba ƙaramin abu ba ne, wasu daga ita ba sa sake tashi.

Abin da ya kamata mu gane shi ne wurin shaƙatawa ya bambanta da otal na cikin gari. A otal komai yana cikin gini ɗaya. A wurin shaƙatawa kuwa ɗakunan a warwatse suke, bukka a nan bukka a can, wurin cin abinci na iya yin nisan da mai lafiya zai yi minti biyar yana tafiya, kuma hanyar yashi ce ko tsakuwa ko ciyawa. Ainihin abin da ya sa wurin ya yi kyau a hoto shi ne yake kashe tayar keke. Duk wanda ya taɓa tura keken guragu a cikin yashin bakin teku ya san ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi tun a takun farko.

Saboda haka kada a buga waya a tambaya "kuna da wurin da mai keke zai iya zama?" Amsar da za a samu ita ce "ƙwarai kuwa, ba matsala", domin wanda ya ɗauki wayar aikinsa ya cika ɗakuna, kuma wataƙila tsakani da Allah yake ganin matakala biyu ba komai ba ne. Gani ya kori ji. A nemi wani ma'aikaci ya kira ta bidiyo a WhatsApp, ya fara daga inda mota take tsayawa, ya taka da ƙafarsa har cikin banɗakin ɗakin da za a ba ku, kuna kallo kuna ƙirga matakala. Daga nan ya wuce zuwa wurin cin abinci. Wurin da ya ƙi yin wannan ɗan aikin ya riga ya ba ku amsa.

Sai batun awo, kuma a nan muke so a tsaya da kyau. A ɗauki tef irin na tela a auna faɗin keken daga bayan taya zuwa bayan taya. Yawancin kekunan manya suna tsakanin inci 24 zuwa 27. Ƙa'idar da masu gini suke bi a ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci ita ce ƙofa ta bar sararin inci 32, wato kusan santimita 80, idan an buɗe ta. Ƙofar ɗaki takan kai haka. Ƙofar banɗaki ce matsalar, domin a gine-ginenmu kusan kullum ta fi ta ɗaki ƙanƙanta, ga kuma ɗan dandamalin da ake yi a bakinta don tare ruwa. A ce su auna ta, su turo hoton tef ɗin a jikin ƙofar. A cikin banɗakin kuma a duba ko masai na zama ne ko na tsuguno, ko akwai ƙarfen riƙewa a bango, ko shawa ce a ƙasa ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka. Baho ga mai ciwon gwiwa tarko ne. In shawa ce, a ga ko kujerar roba za ta shiga, don a kanta za a yi wanka, a kanta kuma za a yi alwala sau biyar a rana. Keke yana buƙatar fili mai faɗin kusan ƙafa biyar kafin ya iya juyawa, don haka ɗakin da gado ya cinye rabinsa ba zai yi ba ko da ƙofarsa ta yi faɗi. Gadon ma a tambayi tsayinsa. Akwai gadajen otal da aka ɗora wa katifa mai kaurin da sai mai lafiya ya ɗan yi tsalle, alhali abin da ake so shi ne in mutum ya zauna a bakin gado tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa.

Gangarar da ake yi don keke ita ma tana da lissafi. Kowane inci ɗaya na tsayi yana buƙatar inci 12 na tsawo. Ma'ana, matakala uku masu inci shida-shida suna buƙatar gangara mai tsawon ƙafa 18. Abin da ake gani a wurare da yawa shi ne ɗan siminti da aka zuba a gefen matakala, a tsaye kamar na shigar da babur cikin zaure. Hawansa wahala, saukarsa kuma ta fi haɗari.

Game da lifta, shawararmu a manta da ita, a nemi ɗakin ƙasa. Duk mun san halin wutarmu. In aka ɗauke, kafin a tayar da janareto lifta ta tsaya, wasu wuraren ma suna da sa'o'in da janareton yake hutawa. Wanda aka kai hawa na uku da lifta, in ta tsaya, ya zauna ke nan. A tambayi sa'o'in wuta kuma saboda magani, domin mai allurar insulin yana buƙatar firjin da yake aiki. Haka nan a san asibiti mafi kusa da kuma tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a kai can da dare.

Su kansu wuraren da ake yawan ambata a nan Kudu, kowanne da irin halinsa. Tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba yana da kyau matuƙa, amma tsayinsa ya haura mita 1,500, akwai sanyi da hazo, hanyar hawa kuma kwana-kwana ce, bayan doguwar tafiyar da aka sha kafin a kai gindin dutsen. An kafa motar igiya mai hawa da mutane a can tun 2005, to amma duk mai niyya ya tabbatar tana aiki a makon da zai je, ya kuma tambayi nisan ɗakinsa da wurin cin abinci, tunda ɗakunan a kan tuddai suke. Dutsen Olumo a Abekuta yana da lifta, ita ma a tambaya kafin a taso. Duwatsun Idanre a jihar Ondo matakala ce fiye da 600, magangarar ruwan Erin-Ijesha a jihar Osun kuwa hawa bakwai ce. Waɗannan na matasa ne, kuma rashin adalci ne a kai dattijo a ajiye shi a gindin dutse yana gadin takalma. Ikogosi a jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa, sai an ɗan taka kafin a kai mahaɗar, don haka a nemi bidiyon hanyar. A Legas kuma akwai wuraren bakin teku irin su Tarkwa Bay da Ilashe da jirgin ruwa ne kawai yake kai mutum, kuma shiga ƙaramin jirgi mai rawa a kan ruwa ba aikin mai sanda ba ne. Sau da yawa wuri mai shimfiɗaɗɗen fili da inuwa, tafiyar awa ɗaya ko biyu daga gida, ya fi duk waɗannan sunaye amfani ga tsoho, tunda zaman mota na awa shida shi kaɗai ya isa ya kumbura masa ƙafa.

Kada kuma mu riƙa jin kamar alfarma muke roƙo. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keke zai iya amfani da su, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya. Jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2011, da ofishin LASODA mai kula da ita. Kowa na gani da idonsa cewa aiki da dokar bai kai ko'ina ba, kuma ba muna cewa a je hutu a ɓige da shari'a ba ne. Amma manajan da mutum goma suka tambaye shi faɗin ƙofar banɗaki a wata ɗaya, biyar suka fasa zuwa saboda amsarsa, zai kira birkila tun kafin wata hukuma ta zo.

In an gamsu da wuri, kada a biya kafin alƙalami sai an sa lambar ɗakin a rubuce, a saƙon waya ko a jikin rasit. "Ɗaki irin wannan" ba ya wadatarwa, musamman a lokacin Sallah da ƙarshen shekara da wurare ke cika, domin za a iya isa a tarar an bai wa wani ɗakin ƙasan an mayar da ku sama. A rubuta kuma cewa in ɗakin bai samu ba za a dawo da kuɗi. Idan ɗakin da ya dace ya fi tsada, to a rage kwana ɗaya, ko samari su haɗu su huɗu a ɗaki guda. Wannan sauƙi ne a kansu.

Akwai wadda ita ma ake mantawa, wato mai jinya. A yawancin gidaje mace ɗaya ce, 'ya ko suruka, take ɗawainiyar tsohuwa shekara da shekaru. In aka je hutu ita ce dai za ta yi wankan, ta ba da magani, ta tashi da dare, sauran suna can suna ɗaukar hoto. A raba aikin tun daga gida, a san wa zai zauna da safe, wa zai karɓa bayan la'asar, mata ga mace, maza ga namiji. Ɗakin mai jinya ya kasance manne da na mara lafiya, ko gado biyu a ɗaki ɗaya. A tafi da buta, da takalmin da ba ya santsi, da kujerar roba in akwai wuri a mota, da maganin da ya zarce kwanakin tafiyar. Abincin mai ciwon suga ko hawan jini kuma a yi magana da masu kicin tun ranar farko, don girkin wurare da yawa a nan gishiri da yaji ne a gaba.

Muna da wata dama da mutane da yawa ba su da ita. Da wuya a sami babban gari a Kudu da babu 'yan uwanmu a cikinsa, daga Bogobiri a Kalaba zuwa Ado-Ekiti da Badagiri. Mutum ɗaya da tef a aljihu zai iya leƙa masauki ya auna ƙofa a cikin rabin awa. Muna ba shugabannin ƙungiya shawara a buɗe rajista ɗaya: duk gidan da ya je wani wuri da tsoho ko mai keke, in ya dawo ya rubuta sunan wurin, lambar ɗakin, faɗin ƙofar banɗaki, yawan matakala da sa'o'in wuta, a ajiye a hannun sakatare don wanda zai tafi a hutu mai zuwa.