Daga Trovan zuwa Men5CV: Amanar da ke wuyan masu tantance binciken magunguna

Duk shekara idan hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kunno kai, hankalin ma'aikatan lafiya a Daura da Mai'adua da Zango da Baure kan koma kan sanƙarau. Masarautar tana cikin zirin Sahel da cutar ta fi addaba, kuma tana iyaka da Jihar Damagaram ta Nijar, inda annobar ta ɓarke a ƙarshen 2022. Shi ya sa labarin cewa a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar, ya shafi yankin kai tsaye.

Sai dai uwar da ta miƙa ɗanta a yi masa allura ba ta da hanyar sanin ingancin abin da ke cikin kwalbar. Ta dogara ne da jerin mutanen da ba ta taɓa gani ba, cikinsu har da masanan da mujallun kimiyya ke tura wa rahoton bincike su tantance kafin a buga shi. Sakamakon gwajin Men5CV, wanda aka yi a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, ya bi ta wannan siraɗi kafin ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2023.

Arewa ta san abin da ke faruwa idan sa ido ya yi rauni. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano da yara 200. Goma sha ɗaya sun rasu: biyar cikin waɗanda aka bai wa Trovan, shida cikin waɗanda aka bai wa maganin da ake kwatanta shi da shi. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su. Amma a 2001 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar wa hukumar magunguna ta Amurka an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Masana da dama na ganin tabon Trovan na cikin abubuwan da suka rura ƙauracewa rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, lamarin da ya bai wa cutar damar tsallakawa wasu ƙasashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Manyan mujallu ma ba su tsira ba. A ranar 22 ga Mayun 2020, The Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya duba majinyatan korona fiye da 96,000 a asibitoci 671, ya gano cewa kulorokwin da danginsa na ƙara haɗarin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wani sashe na gwajinta saboda shi. Bayan an buga ne wasu masana suka lura cewa mace-macen da aka jingina wa Ostareliya sun zarce alƙaluman hukuma, kuma bayanan da aka ce an samo daga asibitocin Afirka sun fi ƙarfin abin da ake iya tattarawa a lokacin. Kamfanin Surgisphere, mai bayanan, ya ƙi buɗe su a duba. A ranar 4 ga Yuni aka janye binciken.

Darasin Kano da na The Lancet ɗaya ne: lissafi na iya yin daidai a takarda alhali tushensa ruɓaɓɓe ne. Don haka aikin mai tantancewa bai ƙare a duba jadawali ba. Wajibi ne ya tambayi inda bayanan suka fito da wanda ya gan su da idonsa. Wane kwamitin ɗa'a ya amince, a wace rana, kuma ko ta riga ranar fara gwajin. Da wane harshe aka nemi izinin iyaye. Wa ya biya kuɗin aikin. Sannan ina rahoton illolin maganin. Idan shi kansa yana da alaƙa da marubutan ko kamfanin, sai ya janye.

Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Ƙalubalen shi ne aiwatarwa, musamman a mujallun jami'o'i da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, inda ake buga binciken da ya shafi zazzaɓin cizon sauro da tamowa da magungunan gargajiya. Ƙarin girman malamai ya rataya ne ga yawan abin da suka buga, masu tantancewa kuma galibi kyauta suke yi, ga mujallun bogi da ke buga komai in an biya.

Gyara na buƙatar editoci su riƙa tuntuɓar kwamitocin ɗa'a don tabbatar da takardunsu, su nemi ainihin bayanan bincike, jami'o'i kuma su sanya aikin tantancewa cikin abin da ake auna malami da shi. In ba haka ba, ma'aikacin lafiyar da ke bi gida-gida a ƙauyukan Daura shi zai ci gaba da amsa tambayoyin da ya kamata a ce an yi su tun a teburin edita.